Shin Miyazaki zai sake yin wani fim?

Tambaya daga wata mai karatu a Zariya: "Assalamu alaikum Malam. Tun ina sakandare nake son finafinan zane na Hayao Miyazaki, tun ranar da yayanmu ya shigo mana da faifan Spirited Away. The Boy and the Heron kuwa sau uku na kalle shi. Kwanan nan na ga wani bidiyo a Facebook, an ce wai tallar sabon fim ɗinsa ce, baɗi zai fito. Na yi murna har na tura wa ƙawayena, daga baya kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, akwai ranar da za mu sa rai? Kuma me ya sa yake daɗewa haka, alhali wasu kamfanoni duk shekara sai sun fitar da fim?"

Wa alaikumus salam Malama. Na ji daɗin tambayarki, don ta taɓa sana'ata da kuma mutumin da na fi koyo daga aikinsa. Zanen katun na hannu nake yi, ina kuma koyar da shi, kuma babu shekarar da ba na zaunar da ɗalibai mu warware wata fitowa daga finafinan dattijon nan hoto bayan hoto. Abin da kike son sani shi ne ko a yarda da abin da ake yaɗawa, ko akwai fim na goma sha uku a hanya, da kuma dalilin jinkirin. Zan fara da jinkirin, domin in kin fahimce shi, sauran biyun za su warware miki da kansu.

Yadda tazarar ta riƙa buɗewa

An haifi Miyazaki a Tokyo ranar 5 ga Janairu, 1941. Dogon fim ɗinsa na farko ya fito a 1979, na biyu a 1984, sannan a 1985 shi da abokin aikinsa Isao Takahata da furodusa Toshio Suzuki suka kafa Studio Ghibli. Sunan ma daga maƙwabtanmu ya samo asali: kalma ce ta Larabcin Libiya da ake kiran iska mai zafi da ke tasowa daga Sahara, Italiyawa suka sa wa wani jirgin samansu, shi kuma Miyazaki mayen jiragen sama ne, sai ya ɗauko. Japanawa Jiburi suke cewa.

Duba jerin shekarun da ya fitar da finafinansa daga nan: 1986, 1988, 1989, 1992, 1997, 2001, 2004, 2008, 2013, sai 2023. Da farko shekara ɗaya ko biyu ce tsakani. Ta koma uku, huɗu, biyar. Ta ƙarshe shekara goma cif. Suzuki da bakinsa ya ba da lissafin da ya fi kowanne bayyana abin. A wata hira a 2020 ya ce My Neighbor Totoro masu zane takwas ne suka yi shi cikin wata takwas, amma fim ɗin da suke kai a lokacin, wato na yaro da zalɓen nan da kika kalla sau uku, masu zane 60 ne a kansa, kuma minti ɗaya tak suke kammalawa a wata. Bayan shekara uku ana aiki, minti 36 suka haɗa. Fim ɗin da ya fito minti 124 ne.

Mutum zai ce to ai tsufa ne. Tsufa na ciki, amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba.

Asalin jinkirin

Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. A zanen hannu ba dole ne a zana duka 24 ɗin ba. Akan bar zane ɗaya ya tsaya na hoto biyu, ya zama zane 12 a daƙiƙa, ko na hoto uku, ya zama 8. Katun na talabijin a Japan ya fi dogara da takwas ɗin, da kuma dabarar daskarar da jiki a bar baki kaɗai yana motsi. Ko a kan 12 aka tsaya, minti ɗaya zane 720 ne, ga mutum ɗaya a cikin hoto ke nan. In mutum biyar ne, kowa da nasa. Ponyo, fim ɗinsa na 2008 a kan 'yar kifin da take son zama mutum, ya ci zane kusan 170,000, domin ya ƙi yarda a yi igiyar ruwa da kwamfuta.

Bari in ba ki misali daga teburina, don lissafi a takarda ba ya nuna wahalar. Na taɓa yin wani gajeren katun na minti uku, labarin yarinya mai tallar gyaɗa da akuyar da ke bin ta. Akwai wurin da iskar hunturu ta ɗaga mata mayafi, ta sa hannu ɗaya ta dafe faranti a ka, ɗaya hannun ta kamo mayafin. Daƙiƙa uku ne, zane 36. Teburin nawa kafinta ne ya haɗa min, gilashi a sama, ƙwan fitila a ƙasa, ina ɗora takarda kan takarda ina hango layin da ya gabata ta cikin haske. Kwana uku na gama, na ɗauki hotunan na kunna, sai na ga mayafin yana tashi kamar fallen kwano. Babu nauyi, babu laushi. Na hau soro na zauna wajen igiyar shanya ina kallon zannuwan gida, a nan na lura cewa tsakiyar zane ke fara kumbura, gefen ya biyo baya a makare, kuma in iska ta tsaya ba nan take yake faɗuwa ba, sai ya ɗan yi jim kamar mai shawara. Na sauko na yage duka 36 ɗin. Kwana tara daƙiƙa ukun nan suka ci.

To a The Wind Rises na 2013 akwai fitowar girgizar ƙasar da ta afka wa Tokyo a 1923, taron jama'a suna gudu da kaya da amalanke, kowa da inda ya nufa, uwa na neman ɗanta, wani na jan doki. Daƙiƙa huɗu ce. Mai zanen da aka ba, Eiji Yamamori, shekara ɗaya da wata uku ya yi a kanta. Duk wanda ya taɓa zama gaban teburin haske ba zai yi mamakin wannan ba.

Wannan wahalar kowane gidan zanen hannu yana sha. Abin da ya keɓanta da Miyazaki abu biyu ne.

Na farko, ba ya rubuta labari ya gama kafin a fara aiki. Abin da yake yi shi ne abin da Japanawa ke kira ekonte, wato zanen labarin a ƙananan akwatuna a jere, kowane akwati da bayanin motsi da magana da yawan daƙiƙoƙi a gefensa. Shi kaɗai yake zana shi, da fensir da fentin ruwa. Da ya kai wani wuri sai masu zane su fara aiki a kan farkon fim ɗin, alhali shi kansa bai san yadda labarin zai ƙare ba. Ya sha faɗin haka a hirarraki. Daga nan ne wannan yanayi na mafarki da kike so yake fitowa. In marubuci ya san ƙarshen labarinsa, duk abin da zai saka sai ya zama tsani zuwa can. In bai sani ba, sai hoto ya ja hoto, kamar a Spirited Away: ramin da iyali suka ratsa, abincin da babu mai sayarwa, iyaye sun koma aladu, gidan wanka na iskoki, tsohuwa ta ƙwace wa yarinya sunanta. Mu da muka tashi da tatsuniya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Babu yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa ya ce ta yi masa bayanin yadda aka yi Gizo yake magana da sarki. Ana karɓa ne kawai, matuƙar mai ba da labarin bai yi ƙarya a kan halin mutane ba.

Sai dai hanyar tana da tsada. Na gwada ta sau ɗaya, na fara zana labari ban san inda zai kai ni ba. A tsakiya na gane cewa mutumin da na ɗauka shi ne jigon labarin ashe ba shi ba ne, takarda sama da ɗari biyu suka tafi kwandon shara. Ni kaɗai na yi asara. Shi kuwa in tunaninsa ya tsaya cik na wata biyu, mutum sittin ne ke zaune suna jiran akwatin gaba.

Na biyu, ya saba duba zanen ma'aikatansa da kansa, ya ɗora takarda a kai ya gyara. A Princess Mononoke na 1997, cikin zane kusan 144,000, an ruwaito cewa hannunsa ya taɓa wajen 80,000. Wannan shi ya sa tafiyar yaro a fim ɗinsa ba ta kama da ta kowa, shi ne kuma ya sa ƙara ma'aikata ba ya ƙara sauri. Ina da yara biyu da ke taya ni aiki. Lokacin da na dage sai na gyara kowane zanensu, sai na ga takardu sun taru a gabana, su suna zaune suna danna waya, ni ina kwana a kan tebur. Gida ne mai ɗaki da yawa amma ƙofa ɗaya. A fim ɗin 2023 ya sassauta, ya miƙa yawancin wannan aiki ga Takeshi Honda, ya fi mai da hankali ga ekonte. Ido da hannu ne suka tilasta masa. Tun a taron manema labarai na 2013 ya yi maganar raunin gani da yadda awannin da yake iya zama a tebur suka ragu.

Akwai kuma dalilin kuɗi, amma ta fuskar da ba a saba ba. Yawancin finafinan Japan haɗin gwiwar kamfanoni ne, gidan talabijin da masu buga littafi da masu rarrabawa kowa ya zuba nasa, kuma su ke yanke ranar fitowa. The Boy and the Heron Ghibli ce ta ɗauki nauyinsa da kanta, ba a sa masa wa'adi ba. Da farko an yi fatan ya riga wasannin Olamfik na Tokyo na 2020, ya wuce da shekara uku, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka samu kuɗin shi ne sayar da izinin nuna tsoffin finafinansu ta intanet, abin da suka daɗe suna ƙi. Tun Fabrairu 2020 Netflix ta fara nuna 21 daga cikinsu a ƙasashen da ba Japan da Amurka da Kanada ba, har da nan Afirka. Wato kallon da muke yi a waya yana cikin abin da ya sayi waɗannan shekarun.

Maganar ritaya

A kan wannan ba na ɗaukar maganar bakinsa hujja, ko ta wane ɓangare. Bayan Princess Mononoke ya ce ya gama. A Janairu 1998 Yoshifumi Kondo, wanda ake ganin shi zai gaje shi, ya rasu yana da shekara 47, Miyazaki ya dawo ya yi Spirited Away, wanda ya tara sama da yen biliyan 30 a Japan, ya riƙe kambin fim mafi ciniki a ƙasar har 2020, ya kuma ci lambar yabo ta Oska a 2003. A Satumba 2013 ya tara 'yan jarida a Tokyo ya ce ya san ya sha faɗa, amma wannan karon da gaske yake. Har kamfanin ya rufe sashen zane a 2014. Bai daɗe ba Miyazaki ya fara wani gajeren fim a kan wata 'yar tsutsa mai suna Boro, a 2016 kuma ya miƙa wa Suzuki takardar shawarar sabon dogon fim. Hali zanen dutse.

Da The Boy and the Heron ya fito ranar 14 ga Yuli, 2023, yana da shekara 82, kowa ya karanta shi a matsayin bankwana, kuma da dalili. Ya zuba rayuwarsa a ciki fiye da ko yaushe. Mahaifinsa ya shugabanci masana'antar kayan jiragen yaƙi, haka uban yaron cikin fim. Iyalinsu sun bar Tokyo lokacin yaƙi, haka su ma. Mahaifiyarsa ta yi shekaru a kwance da tarin fuka na ƙashin baya, kuma uwa mara lafiya ko wadda aka rasa ba ta taɓa barin finafinansa ba. Sannan ga tsohon nan mai hasumiya, wanda ke jera duwatsu goma sha uku don duniyarsa kada ta rushe, yana neman magaji, yaron ya ce a'a. Suzuki ya ce Takahata ne aka siffanta da tsohon, kuma rasuwar Takahata a Afrilu 2018 ta sa Miyazaki ya sauya alƙiblar labarin.

Duk da haka, a Satumba 2023, a bikin finafinai na Toronto, mataimakin shugaban kamfanin a lokacin, Junichi Nishioka, ya gaya wa 'yan jarida cewa Miyazaki bai yi ritaya ba, yana zuwa ofis da sababbin tunani. Wannan magana ce ta wanda ke cikin gida, kuma na yarda da ita. Amma ki lura da abin da ta ƙunsa. Tunani ba fim ba ne. Tsakanin tunani da fim akwai ekonte, akwai tara ma'aikata, akwai shekaru. The Wind Rises ma an karanta shi a matsayin bankwana, kuma ba shi ba ne, don haka kamannin bankwana ba hujja ba ce cewa ya gama. Haka nan zuwa ofis ba hujja ba ce cewa fim na zuwa.

Abin da nake auna shi da shi lissafi ne. Fim ɗin ƙarshe shekara bakwai ya ci daga fara ekonte zuwa sinima. Ko da a ce washegarin fitowarsa ya fara wani, kuma saurin bai ragu ba, 2030 ke nan, yana da shekara 89. Akwai daraktocin da suka wuce haka suna aiki. Manoel de Oliveira na Fotugal ya haura shekara ɗari yana fitar da fim, Clint Eastwood ya fitar da nasa a 2024 yana da 94. Amma su da 'yan wasa da kyamara suke aiki, darakta zai iya zama a kujera ya ba da umarni a gama ɗauka cikin wata biyu. Miyazaki da yatsunsa yake tunani. In bai zana ba, labarin bai zo ba. Ni shekaruna ba su wuce rabin nasa da yawa ba, amma tuni na san bambanci: da nakan yi awa goma a kan tebur, yanzu bayan biyar layi ya fara rabuwa biyu a idona, wuyan hannu ya fara zafi.

Don haka ga ra'ayina, a matsayin mai kallo daga nesa wanda mafi tsawon aikinsa bai wuce 'yan mintuna ba, kuma bai taɓa taka ƙafa a Ghibli ba: zai ci gaba da zane muddin hannu na riƙe fensir, wannan ba na shakka. Dogon fim na awa biyu irin wanda kika saba, ba zan ce miki ki sa rai da shi ba, ba kuma zan ce ki cire rai ba, rai da lafiya na hannun Allah. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne gajeren fim, ko littafin zane, ko labarin da zai tsara wani ya ba da umarni, kamar yadda ya yi da ɗansa Goro a From Up on Poppy Hill na 2011. Gajerun finafinan suna da wani ciwo a gare mu, domin a gidan tarihin Ghibli da ke Mitaka, wanda aka buɗe a 2001, da dandalin shaƙatawarsu na Aichi da aka buɗe a 2022 ake nuna su. Boro minti 14 ne, ya fito a 2018, kuma yawancin masoyansa a duniya ba su gan shi ba. A 2024 da bikin Cannes ya karrama kamfanin, an nuna huɗu daga cikin gajerun a can Faransa, har abin ya zama labari.

Kamfanin shi ma ya sauya hannu. A 2023 gidan talabijin na Nippon ya sayi kashi 42.3 cikin ɗari na hannun jarinsa ya zama shi ke jan ragama, kuma dalilin da aka bayar a fili shi ne rashin magaji, don Goro ya ƙi karɓar shugabancin. Ke nan nan gaba za ki iya ganin sabon fim da tambarin Ghibli mai hoton Totoro, halittar nan ta My Neighbor Totoro, a farkonsa amma ba na Miyazaki ba. Ki riƙa duba sunan darakta.

Bidiyon da kika gani

Ban ga bidiyon ba, amma yadda kika siffanta shi ya isa in ce miki zuciyarki ta yi gaskiya da ta ƙi kwanciya. Tun daga Maris 2025, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara mayar da hoton kowa zuwa salon Ghibli, irin waɗannan bidiyoyi suka cika gari. Masu yin su kallo suke nema, kallo kuma kuɗi ne.

Hujja ta farko halin gidan ne. The Boy and the Heron ya fito a Japan babu talla ko ɗaya, babu hotunan ciki, babu bayanin labari, babu sunayen masu murya. Fosta ɗaya ce kawai, zanen kan tsuntsu da wani ido yana leƙowa daga ƙarƙashin bakinsa. Suzuki ne ya yanke haka da gangan. Kuma sunan fim ɗin tun Oktoba 2017 Miyazaki ya faɗe shi a bainar jama'a, kusan shekara shida kafin a gan shi. Gidan da ke sanar da suna da shekaru sannan ya hana talla, ba zai wayi gari tallarsa na yawo a shafin wani a Facebook ba tare da kowa ya taɓa jin sunan fim ɗin ba. Ranar da labari na gaskiya zai fito, daga shafin kamfanin zai fito, ko daga Toho mai rarraba finafinansu a Japan, ko GKIDS mai rarrabawa a Amurka, kuma NHK, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Japan, da manyan kafafen labarai za su ɗauka a yinin.

Hujja ta biyu idonki ne, kuma ita na fi so ki riƙe. Koma ki kalli bidiyon, ki ƙyale launi, don launi da gajimare da koren ciyawa inji ya iya su. Kalli ƙafa. Tana taka ƙasa ko tana shawagi a kanta? In mutum ya ɗaga abu, kafaɗarsa ta nuna nauyin abin? A irin waɗannan bidiyoyi za ki ga fuska a tsaye, gashi da riga ne kaɗai ke kaɗawa, hoton yana zamewa a hankali, kuma duk bayan daƙiƙa huɗu ko biyar an yanka zuwa wani wuri, domin in aka daɗe siffar za ta fara narkewa. Za ki ga kowa yana murmushi yana kallon nesa, babu mai yin wani aiki. A wurin Miyazaki kuwa kullum wani yana shara, ko yanka burodi, ko hura wuta, ko tuntuɓe. A wani shirin NHK na 2016 wasu matasa sun nuna masa motsin wata halitta da kwamfuta ta ƙirƙiro tana jan jiki a ƙasa, ya tuna musu da wani abokinsa mai naƙasa, ya ce abin cin mutuncin rai ne. Magana ce a kan wancan gwajin, ba a kan manhajojin yau ba, amma ta nuna inda zuciyarsa take.

Kafin wani labari ya zo

Finafinai goma sha biyu ya yi, kuma ina da yaƙinin ba ki gama da su ba, ko da kin kalli kowanne. Akwai kuma abin da ke gefensu. Shirinsa na talabijin na 1978, Future Boy Conan, kashi 26 ne, a nan za ki gan shi yana matashi, jikin yaransa kamar roba. The Tale of the Princess Kaguya na Takahata, wanda ya fito a 2013 bayan shekara takwas ana yin sa, a ganina babu fim ɗin zane da ya kai shi taɓa zuciya, kuma in kin kalle shi za ki gane wanda Miyazaki ya yi rayuwarsa yana tsere da shi. In da yara za ki kalla, ki zauna tare da su, don iskoki da dodannin ciki daga al'adun Japan suka fito, kuma yaro zai yi tambaya.

Amma abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne kallo a hankali. A 2002 mai sharhin finafinai Roger Ebert ya tambaye shi game da wuraren da labari ke tsayawa babu abin da ke faruwa. Miyazaki ya tafa hannu sau uku ko huɗu, ya ce shirun da ke tsakanin tafi da tafi ana ce masa "ma" a Japananci, kuma da gangan yake saka shi. Shi ne tsayuwar 'yan mata biyu a tashar mota cikin ruwan sama a My Neighbor Totoro, babbar ta goya ƙaramar, ɗigon ruwa daga bishiya yana faɗowa kan lemar Totoro yana jin daɗin ƙarar. Shi ne tafiyar jirgin ƙasa a kan ruwa a Spirited Away, yarinya zaune shiru tsakanin fasinjoji masu kama da inuwa.

Ɗauko Spirited Away a kwamfuta ki buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC. Nemo wurin da Chihiro, yarinyar fim ɗin, ta sauko ɗakin tukunyar ruwan zafi da sassafe, 'yan ƙananan halittun toka suka fito mata da takalmanta. Tsayar da fim ɗin, ki riƙa danna harafin E, kowace dannawa hoto ɗaya ne. Za ki ga ta zura ƙafa, sannan kafin ta wuce ta buga kan takalmin a ƙasa don ya zauna daidai, yadda kowane yaro ke yi in yana sauri. Labarin ba ya buƙatar wannan bugun, in an cire shi babu wanda zai nema. Ki ƙirga zane nawa aka yi masa, ki lura da inda nauyin jikinta ya koma kan ɗaya ƙafar, da yadda kafaɗarta ta ɗan karkata kafin ta miƙe.